Ranar da darasina ya ƙi tashi

A zangon karatun da ya gabata, ina tsakiyar nuna wa ɗaliban aji uku yadda shafin intanet ke karɓar bayanin da mutum ya cike a fom, sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu. "Malam, nawa ya ƙi aiki. Kwamfutar ta ce ba ta san cgi ba." Na ce ta sake dubawa, wataƙila ta tsallake harafi. Ashe ba ta tsallake komai ba. Ni ne zamani ya tsallake.

Python, harshen da muke rubuta manhaja da shi, yana zuwa ne da rumbun kayan aiki shiryayyu, kamar rediyon da aka sayar maka da batir a ciki. Tun shekarun 1990 cgi yake cikin wannan rumbu. A 2019 Christian Heimes ya gabatar da shawarar da ake kira PEP 594, cewa a kwashe matattun batura, wato kayan da zamaninsu ya wuce kuma babu mai kula da su. Fitowar 3.11 ta 2022 ta fara gargaɗin masu amfani da su, sannan a Oktoban 2024 fitowar 3.13 ta cire guda 19, har da cgi da telnetlib da crypt.

Da na koma ofis haushi ne ya fara zo mini. Gargaɗin shekara biyu yana amfanar wanda ke sabunta kayansa a kai a kai ne. Kwamfutocin ɗakin gwajinmu kuwa tsohuwar fitowa suke ɗauke da ita, wadda ba ta taɓa yi mini ko tari ba. Mu da muke lissafin data kafin mu sauke komai, ba tsani muke hawa ba, tsalle muke yi, kuma a tsallen ne gargaɗi ke wuce mu.

Amma haushin bai kwana ba. Yawancin masu riƙe da Python aikin sa kai suke yi, kuma duk abin da ya zauna a rumbun, su za a tuhuma idan ɓarawo ya sami kafa a cikinsa. Da wace fuska zan nemi su ci gaba da gadin abin da ni kaina ban leƙa takardunsa ba tun ina rubuta kundin digirina na uku? Hasali ma ba ƙone shi suka yi ba: wasu sun adana kwafinsa da sunan legacy-cgi, mai so ya sauke.

Na yi niyyar gaya wa ɗaliban su sauke shi, a wuce wurin. Sai na tuna cewa baɗi war haka wasunsu na gaban masu ɗaukar aiki, ɗauke da abin da na koya musu. Makonni uku na kwashe ina sake rubuta babin da Flask, kuma a nan na gano babi na bakwai ma a kan telnetlib ya jingina.