Furen Kuɓewar Baba Maigadi

Ran Litinin ɗin da ta wuce Malamar Kimiyya ta ce kowane rukuni ya zo da fure gobe, za mu koyi sassansa. Mu huɗu ne a rukuninmu, kuma duk mun manta sai da aka buga ƙararrawa. Muka zagaya bayan aji inda Baba Maigadi ya shuka kuɓewa, muka tsinke duk furen da ya buɗe, guda 17. A ganinmu ado ne kawai, ai ba kuɓewar muka taɓa ba.

Malama ta tsaga ɗaya da reza. Ga ganyen fure guda biyar, ruwan ɗorawa, gindinsu ja wur. Ta ce launin nan ƙudan zuma yake kira. A tsakiya akwai wani ɗan sanda mai gari kamar hoda, shi ne ɓangaren namiji. A samansa akwai kai mai laushi, na mace, wanda garin ke maƙalewa a jikinsa. Sai ta kai rezar can ƙasa, ta ce mu matso. Wallahi 'yar mitsitsiyar kuɓewa ce a ciki, har da 'ya'yanta farare a jere!

Nan jikinmu ya yi sanyi. Ashe kuɓewa 17 muka tsinke wa Baba.

Wata a cikinmu 'yar Argungu ce, ta ce to zoɓo fa, ba fure ake sha ba? Malama ta ce a'a, ganyen furen yakuwa bushewa yake ya faɗi. Kofin da ke riƙe da gindinsa ne ke kumbura ya yi ja, shi ake shanyawa. (Mun daɗe muna sha ba mu sani ba.)

Da aka tashi muka je muka gaya wa Baba. Ya yi shiru, sannan ya ce, "'Ya'yan nan, miyar kwana biyu kuka zubar min." Mun haɗa kuɗin tara za mu sayo masa a kasuwar Birnin Kebbi, ya ƙi karɓa. Ya ce mu riƙa ban ruwa har ƙarshen zango.

Ran Laraba muka ɗaura jan zare a wani sabon fure. Kafin la'asar ya rufe, washegari ya faɗi. Yau kwana biyar, kuɓewar ta kai tsawon yatsa, kuma Baba ya ce kada wanda ya taɓa ta.