Wanda ya zo sau ɗaya bai sake dawowa ba

Jama'a, ku yi haƙuri, rubutun yau yana da ɗan tsawo. Mai sauri ya ajiye shi sai bayan isha'i.

Waɗanda suka san ni sun san aikin da nake yi da yamma a nan Amurka. Wani ginin unguwa nake kula da shi, in buɗe, in share, in rufe. A ɗakin ƙasa, duk daren Talata da Juma'a, ƙungiyar nan ta mashayan da ke neman rabuwa da giya, Alcoholics Anonymous, ke zama. Shekara uku ina miƙa musu makulli, ban san sunan mahaifin ko mutum ɗaya ba, don da sunan farko kaɗai suke kiran juna. Ba zan faɗi garin ba, ba zan faɗi sunan kowa ba. Sharaɗin da suka gindaya mini ke nan da na nemi izinin yin wannan rubutu.

Gaskiya da farko kallon hadarin kaji nake yi musu. Na taso a gidan da ba a ambaton giya sai an haɗa da tsaki, sai na ɗauka 'yan maye ne suka samo sabuwar dabarar hira. Sai dai kuɗin hayarsu bai taɓa yin latti ba, kuma ban taɓa tsintar kofi ɗaya a ƙasa ba bayan sun tashi.

Wata rana ma'ajinsu ya ce suna son ɗakin ran Asabar na awa uku, kuma suna so in zauna tare da su, akwai abin da za su tambaye ni. Na ce, "Lafiya?" Ya ce lafiya lau, ƙidayar kaya za su yi. Na waiga na dubi abin da suka mallaka: tukunyar gahawa, kwando ɗaya, akwatin littattafai. Na ce ai wannan minti biyar ya isa. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

Ashe kalmar ta 'yan kasuwa ce suka ara. Babban littafinsu, wanda ya fito a 1939, ya kwatanta mashayi da mai shagon da dole ya rufe ƙofa lokaci-lokaci, ya sauke kaya, ya ga wanda ya lalace da wanda ya yi kwantai. Shi ne mataki na huɗu cikin matakansu goma sha biyu: mutum ya zauna da biro da takarda ya rubuta halinsa ba sani ba sabo. To yadda mutum ɗaya ke yi wa kansa, haka reshe gaba ɗaya ke yi wa kansa. Malamanmu muhasaba suke ce wa irin wannan, sai dai ban taɓa ganin taron jama'a ya yi wa kansa ita da baki ɗaya ba sai ranar.

Wanda ya ja zaman ba ɗan reshen ba ne. Daga wani reshe a wata unguwa suka gayyato shi, don ba shi da aboki ba shi da abokin gaba a cikinsu. Ya ce kowa zai yi magana sau ɗaya kafin wani ya yi ta biyu, ba a mayar da martani, kuma yau ba a yanke komai, a rubuta kawai. Sai ya shiga karanto tambayoyi daga wani ɗan littafi da ofishinsu na New York ke bugawa. Don me muke taruwa? Muna kai wa kowane irin mutum da ke unguwar nan, ko kuwa masu kama da mu kaɗai? Da muke zaɓen masu riƙe aiki, cancanta muke dubawa ko farin jini?

Da aka zo kan tambayar ko sababbin zuwa suna dawowa, ɗakin ya yi tsit. Can wani saurayi, wata huɗu da barin kwalba, ya ɗaga hannu. Ya ce daren da ya fara zuwa ya tsaya a bakin ƙofa, ya tarar da su rukuni-rukuni suna rungumar juna suna dariya, ba wanda ya dube shi. Ya koma mota ya zauna, ga shagon giya a tsallaken titi fitilarsa na kiran sa. Wani dattijo da ya fito shan taba ne ya ƙwanƙwasa masa gilashi ya ce ya shigo, gahawa na hucewa. Ya ce, "Da dattijon nan ba ya shan taba, da ba ku san ni ba."

Na zuba ido in ga wanda zai taso ya ce yaro, yaushe ka zo da za ka gaya mana aikinmu. A ɗakin akwai masu shekara ashirin da talatin ba su kurɓa ba. Ba wanda ya ce uffan. Magatakarda ta rubuta, aka wuce.

Sai aka juyo kaina, wai me na gani game da ɗakin da su ba sa gani. Nan na ji kunya. Akwai ƙofar gefe mai gangare wadda keken guragu ke iya bi, kullum a kulle take, don ba wanda ya taɓa neman makullinta, ni ma ban taɓa tayi ba. Sau biyu na ga wani mutum a keke ya zo ya dubi matattakala ya juya. Na faɗa musu. Na kuma ce ba wata alama a waje, sai mutum ya zo ya tsaya gabana yana kame-kame, kunya ta hana shi faɗin sunan taron da yake nema. Ita ma aka rubuta.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne maganar ma'aji. Mutum ne mai gaskiya, ko sisi bai taɓa ɓata a hannunsa ba, amma aka ce ya daɗe a kujerar, ya kamata ya sauka wani ya koya. Aka kuma ce kuɗin da ke asusu ya wuce na haya da gahawa na 'yan watanni, a tura rarar zuwa ofisoshin da ke amsa waya da buga littattafai. Wato tarin kuɗi ma laifi ne a wurinsu. Ni da ke cikin wata ƙungiyar 'yan gida da shugabanmu ya mai da kujera gadon gidansu, sai na sunkuyar da kai. A bar wannan maganar.

Daga baya na karanta tarihinsu, na ga wuya ce ta koya musu. Bill Wilson, dillalin hannun jari, da Bob Smith, likitan tiyata, suka fara abin a garin Akron na jihar Ohio a 1935. A 1938 aka nema musu dala 50,000 daga attajirin nan John D. Rockefeller ƙarami, ya ƙi, ya ba da 5,000 kawai, don tsoron kada kuɗi ya lalata tafiyar. A lokacin ransu ya ɓaci, daga baya suka mai da hanin nan doka: ba su karɓar ko kwabo daga wanda ba ɗan ƙungiya ba. A 1941 ɗan jarida Jack Alexander ya yi rubutu a kansu a mujallar Saturday Evening Post, kafin shekarar ta ƙare suka tashi daga wajen mutum 2,000 zuwa 8,000, rigingimun shugabanci da na kuɗi suka biyo baya. Ga kuma darasin wata ƙungiyar mashaya da mutum shida suka kafa a Baltimore a 1840, ta tara dubban jama'a, ta tsunduma cikin siyasa da jayayyar addini, cikin 'yan shekaru ta watse. Ganin haka Wilson ya rubuta ƙa'idoji goma sha biyu na zaman ƙungiya a 1946, aka amince da su a babban taron Cleveland a 1950. Cikinsu akwai cewa shugabanni masu hidima ne, ba masu mulki ba. Shi kansa babban taronsu na shekara-shekara ya yi wa kansa irin wannan ƙidayar daga 2013 zuwa 2015.

Bayan wata ɗaya suka zauna yanke shawara. An kawo batun dawo da taron Juma'a da wuri, ya samu kashi biyu cikin uku, na ce shi ke nan. Sai mai jan zaman ya tambayi waɗanda suka sha kaye ko suna da abin faɗa. Wata mata ta ce ƙarfe bakwai take tashi daga aiki, kuma daren Juma'a ne daren da ya fi yi mata nauyi. Aka tambaya ko akwai wanda ya sauya ra'ayi. Hannuwa suka tashi, aka sake ƙuri'a, lokacin ya zauna yadda yake.

Kada ku ɗauka mala'iku ne. Wani dattijo ya yi fushi da maganar saurayin nan, ya koma wani reshe. An rubuta cewa za a riƙa kai taro gidan yari, har yau ban ji an je ba. Kuma tunda ba su da rajistar sunaye, awonsu na kunne ne, ba na alƙalami ba. Wanda ya ɓace, ba su da tabbacin ko wani reshe ya koma ko kwalba. A ganina wannan giɓi ne babba, ko da yake na fahimci abin da suke karewa, don ranar da aka fara rubuta suna, rabin ɗakin ba zai sake zuwa ba.

Yanzu mutum biyu ke tsayawa a bakin ƙofa kafin a fara, ɗaya ciki, ɗaya waje kusa da inda ake ajiye motoci. Saurayin nan ne ya karɓi na waje. An liƙa ɗan allo mai harafi biyu da kibiya, ba wanda ke sake tsayawa gabana yana in'ina. Makulli biyu nake miƙawa maimakon ɗaya. Mai keken bai dawo ba tukuna, wata bakwai ke nan, amma duk Talata da Juma'a sabuwar ma'ajin na buɗe ƙofar gefe ta tokare ta da bulo, ko ana sanyi, har sai an tashi.