Sake Tashi Ba Abin Kunya Ba Ne

A nan Ketare jirgin sama yakan wuce mu can cikin gajimare, yara su fito suna ɗaga masa hannu. Ba mu taɓa zaton wani daga gidanmu zai tuƙa shi ba. Amma ɗan wanmu, wanda muka koya wa a, ba, ca, da a makarantar ekklesiya, ya sami mai ɗaukar nauyinsa, ya tafi Zariya koyon tuƙin jirgi. Tun daga ranar nan uwarsa ba ta ƙara barci mai daɗi ba, mu ma haka.

Makarantar nan tana bakin hanyar da ta fito daga Funtuwa ta shiga Zariya. An kafa ta a 1964 da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya, ta kuwa yaye matuƙa da yawa daga ƙasashen Afirka. Da ƙananan jirage masu farfela ɗaya ake fara koyo. An daɗe ana aiki da Tampico, ƙirar Faransa, daga baya aka kawo samfurin Diamond. Hukumar binciken haɗarin jirage ta ƙasarmu ta rubuta rahotanni a kan waɗansu jiragen koyo da suka sami matsala wajen sauka a can. Haka yake ko'ina a duniya, gama wajen sauka ne ƙananan jirage suka fi yin haɗari, ko da yake sau da yawa jirgin ne ke lalacewa, mutum ya fita da ransa.

Da yaron ya zo hutu, muka zaunar da shi a zaure bayan tuwon dare, muka ce ya faɗa mana gaskiya. Sai ya ɗauki ludayi ya mai da shi jirgi, tabarma kuwa ta zama titin sauka.

Ya ce, "Baba, tashi ba wuya. Sauka ce aiki."

Ya nuna mana yadda jirgi yake gangarowa da gudun da ya wuce kilomita 100 a awa. Gab da ƙasa, tilas matuƙi ya ɗan ɗaga hancin jirgin, domin manyan tayoyi biyu na baya su fara taɓa titi. Tayar gaba ƙarama ce, ba a yi ta don ɗaukar wannan nauyi ba. In ɗan koyo ya zo da gudu fiye da kima, ko ya makara wajen ɗaga hanci, sai jirgin ya buga ƙasa ya yi tsalle kamar ƙwallo. Tsoro ya kama shi, ya danna hancin ƙasa don ya tilasta masa zama. Sai jirgin ya sake tsalle, na biyu ya fi na fari, na uku ya karya ƙafar gaba, farfela ta sari titi. In kuwa iska tana bugowa daga gefe, takan ture jirgin ya bar titi ya shiga ciyawa.

Muka ce, to mene ne magani? Ya ce maganin yana hannun kowane ɗan koyo tun kafin a bar shi ya tashi shi kaɗai. In sauka ba ta yi kyau ba, sai ka ba inji wuta duka, ka sake tashi, ka zagayo, ka gwada kuma. Mintoci kaɗan ne da ɗan mai. Malamai suna koya wannan har su gaji. Abin da ke hana yaro yi, in ji shi, kunya ce. Malaminsa yana tsaye a bakin fili, abokansa suna kallo, ba ya so a ce ya kasa.

Sa'an nan ya faɗa mana abin da bai faɗa wa uwarsa ba. Ranar da ya fara tashi shi kaɗai, sau biyu yana fasa sauka, sai a na uku ya zauna. Ya fito yana jiran faɗa, malaminsa kuwa ya ba shi hannu.

Daren nan ba mu yi barci ba, amma ba don tsoron jirgi ba. Mun tuna wannan yaro a aji huɗu, sa'ad da ya goge lissafinsa a allo domin ya sake daga fari. Mu da bakinmu muka ce masa rago a gaban 'yan aji, suka yi masa dariya. Yara nawa muka koya wa cewa komawa baya abin kunya ne? Wanda ya maimaita aji mun sa ya sunkuyar da kai har ya bar makaranta. Da yaron nan ya riƙe darasinmu na aji huɗu a sararin Zariya, wataƙila da labari dabam muke rubutawa yau.

Kakanninmu sun ce ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Mun san karin maganar, amma ba mu yi aiki da ita a aji ba.

Ya ku iyaye da malamai, in yaro ya ce, "Bari in sake," ku ba shi wuri ya sake, kada ku bari a yi masa dariya. Mu dai da safe muka nemi gafarar ɗanmu. Ya yi murmushi ya ce, "Baba, ai na manta." Ranar Litinin kuwa muka sa wa kowane allo tsumman gogewa, muka ce wa yara nasu ne.