Ƙosan Mama Ya Haye Teku

A zangon karatun da ya wuce, malamarmu ta girke-girke ta sanar da mu cewa ajinmu zai yi aikin haɗin gwiwa da wata makarantar sakandare a birnin Salbado, jihar Bahiya ta ƙasar Brazil. Kowane ɗalibi zai rubuta yadda ake yin abinci ɗaya na gidansu a aika musu, su ma su aiko mana nasu.

Nan da nan 'yan ajinmu suka zaɓi dafa-duka da farfesun kaza. Ni kuwa na yi tsuru-tsuru. Mahaifiyata ƙosai take soyawa a bakin hanya, da shi take biyan kuɗin makarantata, amma ban taɓa yarda abokaina su sani ba. Da Malama ta lura, sai ta ce, "Yarinyata, rubuta abin da kika fi sani."

Ba don ina so ba na rubuta: a jiƙa wake, a surfe shi, a markaɗa da albasa da attarugu, a buga ƙullun sosai har ya tashi, a sa gishiri, sannan a soya cikin man gyaɗa mai zafi.

Bayan mako uku amsa ta zo, an fassara ta daga harshen Fotugis. Takardata ce ta fi ba su mamaki, domin su ma suna da ƙosai! Suna kiransa akaraje, daga sunan da Yarabawa ke kiransa, wato akara. Da manja suke soya nasu, su tsaga shi biyu su zuba jatan lande da barkono a ciki. Mutanen Afirka ta Yamma da aka kwashe a jiragen bayi, har da Hausawa, su suka cika Bahiya, kuma ba a hana bauta a Brazil ba sai a 1888. An raba su da kome nasu, amma ba a raba su da girkin iyayensu ba. Matan da ke sayar da shi suna sa fararen tufafi, gwamnatinsu ma ta lissafa sana'ar cikin al'adun gargajiyar da ake kiyayewa.

Mun kuma koyi cewa rogon da muke yin gari da shi daga ƙasarsu Turawan Fotugal suka kawo shi Afirka.

Ran Asabar na kai wa Mama hoton matan. Ta daɗe tana dubawa, ta ce, "Ashe ina da 'yan'uwa a can!" Kunya ta kama ni ƙwarai. Tun daga ranar, in ana hutu ni nake buga mata ƙullu da asuba.

'Yan'uwana ɗalibai, kada mu raina sana'ar da ta kawo mu makaranta.