Katin Sallar da na aika wa Yaya

Shekara huɗu muka yi ni da Yayana ba mu yi wata magana ta kirki ba. Abin da ya haɗa mu lodin goro ne da ya ruɓe a hanya tsakanin Kumasi da Sakkwato. Shi yana ganin sakacina ne, ni kuma na ce ƙaddara ce. Tun daga nan, duk Sallah sai in tura masa irin hoton nan na WhatsApp mai jinjirin wata, wanda ni ma wani ne ya turo min. Shi ma ya turo nasa. Wai mun gaisa ke nan.

Bara cikin azumi, autata ta dawo daga makaranta da wani ƙyalle a hannu. An kai su Ntonso, garin da ke kusa da mu nan Kumasi, inda Asantawa ke buga zanen adinkra. Da guntun ƙwarya suke sassaƙa hatimin, su tsoma shi cikin baƙin rini na ɓawon itace, su danna a kan yadi. Ta ce, "Baba, mu ma mu yi namu mana, mu buga katin Sallah." Na ce wa za mu aika wa? Ta ce, "Baffa." Na yi shiru.

Washegari na biya Kejetia na sayo farin kwali, da gam, da ɗan akwatin tawada irin wanda nake buga rasit da shi, da manyan robobin goge fensir guda biyar. Bayan asham muka baje tabarma. Na zana dagi a kan roba, na bi gefen zanen da reza ina cire inda ba na so ya ɗauki tawada. Wannan ya fito tsaf. Da na zo kan "Barka da Sallah" ne na sha kunya: na sassaƙa shi yadda ake karantawa, da na buga sai ga rubutu ya fito a juye. Yarinya ta yi ta dariya har da riƙe ciki. Ashe sai ka rubuta a takarda da fensir mai duhu, ka kifa ta a kan robar ka murza, rubutun ya hau a juye, sannan ka yanka. Ka kuma fara gwadawa a tsohuwar takarda, kada ka cika tawada, in ka danna kada ka motsa hannu.

Uwargida ta ba mu guntayen atamfa da zaren ɗinkin hula, muka manna a gefe. Dare uku muka yi, ni da yatsa a ɗaure saboda reza. Ado ya ƙare, saura cikin katin. Nan na fi daɗewa. A ƙarshe layi biyu kawai na iya: "Yaya, ka yafe min. Ƙaninka ne."

Na naɗe shi a leda na ba wani direban motar goro ɗan garinmu. Bai isa ba sai bayan Sallah da kwana shida, gefensa har ya sha laima. Ina rumfa da hantsi waya ta yi ƙara. Ko sallama bai gama ba ya ce, "Kai, da hannunka ka yi wannan?" Na ce eh, Yaya. Ya ce, "Na gani ai, dagin a karkace yake." Muka yi dariya, daga nan ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya.

Maganar kuɗin goro har yau ba mu warware ta ba, mun bar ta sai na je gida. An ce zumunci a ƙafa yake, amma mu da ke bayan iyaka ba kullum ƙafar ke samun zuwa ba. Robobin suna nan cikin gwangwanin madara. Bana auta ta ce kati bakwai za mu buga, har ta rubuta sunayen.