Masu Filin Bayan Umbadda

Umbadda tana yammacin Omdurman, ita kuwa Omdurman tana gaɓar yamma ta Kogin Nilu, daura da Hartum. Wanda ya bi babbar hanya ya wuce kasuwar da ake kira Suk Libya, ya yi ta tafiya yamma har gidajen laka suka fara ƙaranci, zai fita wani shimfiɗaɗɗen fili na tsakuwa da jan rairayi. Babu abin da ido zai tsaya a kai sai tumfafiya ɗai ɗai, da gajerun itatuwan ƙaya, da duwatsun Markhiyat can wajen arewa. Ruwan saman wurin bai cika kai milimita 200 a shekara ba, yawancinsa kuwa tsakanin Yuli da Satumba yake sauka. Mutanen gari suna kiran irin wannan fili "khala", watau wofi, inda babu kowa. Amma sunan bai yi wa filin adalci ba, gama yana da masu shi, sai dai ƙanana ne, launinsu kuma launin ƙasa.

Waɗannan masu fili tsuntsaye ne na dangin da Larabawa ke kira "ƙubbara". Akwai kusan iri 100 a duniya, mafi yawansu a Afirka. Girmansu bai fi na gwara da yawa ba. A ƙasa suke kiwo, a ƙasa suke kwana, a ƙasa suke yin sheƙa. Ba sa tsalle-tsalle kamar gwara, tafiya suke yi da gudu-gudu, su tsaya, su tsinci ƙwayar ciyawa ko ƙwaro. Da ƙura suke wanka. Tun da yake filinsu ba shi da dogayen itatuwan da za a hau a yi waƙa, namijin yakan tashi sama ya yi waƙarsa yana cikin iska. Saboda haka sau da yawa mutum yakan ji su tun bai gan su ba.

Akwai wani dattijo Bahaushe a Umbadda wanda ya ba da fiye da shekara talatin ga kallon waɗannan tsuntsaye. Kakansa ya taso daga ƙasar Katsina da ƙafa, da niyyar zuwa gabas, kamar dubban Hausawan da suka bi wannan hanya tun kafin yaƙin Burmi na 1903 da kuma bayansa. Guzuri ya ƙare masa a bakin Nilu, ya tsaya neman na gaba, aure ya riƙe shi, ya zama ɗan gari. Jikan nasa kuwa ya koyi sana'ar hoto, ya buɗe ɗan shago inda yake ɗaukar hoton katin shaida da na fasfo da na amare. Duk unguwa "Mai Hoto" ake ce masa, har sunansa na yanka ya kusa ɓacewa.

A watan Agusta na 1988 aka yi ruwan da tsofaffin Hartum ba su manta ba. A dare ɗaya ya zubo fiye da abin da akan samu a shekara guda, gidajen laka suka rushe da yawa. Mutane suka riƙa kiran Mai Hoto ya ɗauki kangayensu domin neman taimako, aikin kuwa ya kai shi har unguwannin ƙarshe. Bayan 'yan makonni ya tarar filin nan da aka sani da furfurar ƙura ya yi kore shar. Yana tsaye yana naɗe fim, sai ya ji waƙa tana zubowa daga sama, ya ɗaga kai ya ga ɗan ɗigo yana kaɗa fiffike wuri ɗaya. Ɗigon ya sauko, ya taɓa ƙasa kamu kaɗan daga ƙafarsa, ya ɓace. Ya duba, ya sāke dubawa, bai ga kome ba sai tsakuwa. Mutumin da abincinsa ke fitowa daga ido, ga ɗan tsuntsu ya ɓace masa a fili da rana tsaka. Wannan abu ya tsaya masa a rai, ranar Jumma'a mai zuwa da asuba ya koma.

Da sannu ya rarrabe su, ya kuma raɗa musu sunaye da Hausa domin kansa. Na fari shi ne "mai tuƙƙu", wanda yake da tsinin gashi a ka, yana ɗaga shi in ya ji motsi. Shi ne mafi sabo da mutane, ana ganinsa a bakin hanya da inda jakuna suke tsayawa, yakan kuma ari kukan waɗansu tsuntsaye ya sa cikin waƙarsa. Na biyu ƙarami ne ƙwarai, tsawonsa wajen santimita 11, da gajeren baki mai kauri na fasa ƙwaya. Namijin baƙi ne daga wuya har ciki, da farin kunci, macen kuwa launin rairayi ce fes. Mai Hoto yakan yi dariya ya ce ba zai kira shi baƙin ciki ba, gama bai taɓa ganinsa cikin ɓacin rai ba, sai ya sa masa "mai baƙar riga". Na uku shi ne "mai sarewa", mafi girma a cikinsu, da dogayen ƙafafu da dogon baki mai ɗan lanƙwasa. Yana zaune can cikin fili inda ya fi bushewa, yana iya daɗewa ba tare da shan ruwa ba, ruwan jikin ƙwarin da yake ci ya ishe shi. Namijin yakan fara busa a hankali daga kan ɗan tudu, muryar tana hawa, sa'an nan ya cilla kansa sama, ya buɗe fikafikai masu baƙi da fari, ya juyo da ka ƙasa kamar wanda aka harbo, sai dab da ƙasa ya miƙe. Na huɗu su ne "baƙin ɗari", waɗanda suke zuwa garke-garke daga Turai da Asiya wajen Oktoba, su koma wajen Maris.

Ɗaukar hotonsu ya fi na amarya wuya nesa ba kusa ba. Amarya tana so a ɗauke ta, tsuntsu kuwa ba ya so. Fim ɗaya hoto 36 ne, kowane ɗaya da kuɗi aka saye shi, saboda haka ba a danna maɓalli a banza. Mai Hoto ya sayi tsohon dogon gilashi mai jawo nesa kusa, yana naɗe shi da kyamarar cikin tsumma saboda ƙura, musamman a lokacin guguwar da ake kira "habub". Ya gane cewa sa'o'i biyu na farkon safiya su ne lokacin aiki. In rana ta ɗaga, ƙasa takan ɗauki zafi, kawalwalniya ta tashi, hoton ya fito kamar an duba ta cikin ruwa. A watannin Mayu da Yuni, sa'ad da zafi yake wuce digiri 40, lokacin ma bai kai haka ba. Ya gane kuma cewa tilas rana ta kasance a bayansa, domin haske ya faɗa cikin idon tsuntsun, gama hoton da ido bai fito ba mataccen hoto ne.

Babban abin da ya koya shi ne kwanciya. Wanda ya ɗauki irin wannan tsuntsu daga tsaye, ƙasa kawai zai ɗauka, gama bayan tsuntsun da ƙasar launinsu ɗaya. Sai mutum ya kwanta rub da ciki, ya sa kyamara a kan ɗan buhun rairayi, idonsa ya yi daidai da idon tsuntsun, sa'an nan siffarsa za ta fita sarai. Ba a kuma bin sa. Akan lura da dutsen da ya saba hawa, a je tun da duhu a kwanta kusa da shi, a jira. Sau da yawa Mai Hoto ya dawo gida da ƙarangiya a jallabiya, ba hoto ko ɗaya. Uwargidansa takan ce, "Maigida, yau ma tsuntsun ya ƙi biyan kuɗin hoto?" Shi kuwa ya ce, "Bashi ya ci, zai biya."

Da jikansa ya kai shekara goma, ya fara tafiya da shi. Wata safiya bayan ruwa yaron ya gano sheƙar mai baƙar riga: ɗan rami a gindin tushen ciyawa, an shimfiɗa masa busasshiyar ciyawa, an jera 'yan tsakuwa a bakinsa, da ƙwai biyu masu ɗigo-ɗigo. Yaron ya ce, "Kaka, ga hoto a sauƙaƙe. Mu matsa kusa mana." Dattijon ya kama hannunsa ya ja shi baya. Ya ce, "Abokina, dubi inda ta sa shi, a gefen da inuwa take faɗawa. Zaman da take yi a kai, rabinsa domin ta kāre ƙwan ne daga rana. In muka tashe ta, kafin mu gama gyara gilashi ƙwan ya dahu. Hankaka kuma yana kallonmu, karen unguwa zai bi sawunmu." Suka koma nesa suka zauna. Wajen kwana goma sha biyu ake yi kafin ƙyanƙyasa, 'ya'yan kuma sukan bar sheƙa tun ba su iya tashi ba. Yaron ya ga wannan duka da idonsa, daga nesa, ko da yake hoton sheƙar bai shiga akwatin kakansa ba.

Maƙwabta ba su rasa abin faɗi ba. Waɗansu suka ce zinariya yake nema, waɗansu suka ce iska ta taɓa shi. Dogon gilashi kuma abin tuhuma ne a ƙasar da aka hana ɗaukar hoton gada da barikin soja, saboda haka yakan yi nesa da duk wurin da ya ga shinge. Wani malamin makaranta ne ya ara masa littafin tsuntsayen Sudan wanda Cave da Macdonald suka wallafa a 1955, daga baya kuma ya ga na Gerhard Nikolaus na 1987, mai nuna inda ake samun kowane iri. A ciki ya sami labarin wani ɗan'uwan tsuntsayensa mai launin jan rairayi, wanda masana suka sa wa sunan Kurdufan, ana kuwa samunsa tun daga Sudan har Nijar da Mali. Ya bi taswirar da yatsa, ya ga ashe ɗamarar ƙasa ɗaya ce mai ƙarangiya da aduwa da magarya, ita ce kuma hanyar da kakansa ya biyo ta Abeshe da Fashir da Ubayyid. Tun daga ran nan in ya ji mai tuƙƙu yana waƙa, yakan ce wannan murya kakansa ya san ta tun daga gonakin Katsina.

Kowace fita yakan rubuta a daftari: rana, wuri, irin tsuntsu, da yawansu. Daftarin nan ne ya nuna abin da ido ba ya lura da shi a rana ɗaya. Fārin 1984 da 1985 ya koro mutane da yawa daga Kurdufan zuwa Muwailih da Abu Zaid a yammacin Omdurman, yaƙin kudu ya koro waɗansu, aka kafa unguwar Darus Salam a farkon shekarun 1990. Ba wanda zai ga laifin mai neman wurin sa kai. Amma gari ya yi ta cin fili, awaki suka cinye ciyawa tun ba ta yi ƙwaya ba, manyan motoci suka kwashe rairayi domin gini. Inda dā yake zuwa da ƙafa, sai ya koma hawan keke, daga baya sai mota. Mai tuƙƙu ya jure zama da mutane, mai sarewa kuwa ya yi ta ja da baya.

A ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Hartum, Umbadda kuwa tana cikin wuraren da suka fi shan wuya. Mai Hoto ya fita da iyalinsa zuwa wurin dangi a Gadarif da abin da hannu zai iya ɗauka. Aka fasa shagon, akwatunan nagatif na shekaru talatin da biyar suka salwanta. Gidan adana dabbobi da tsuntsaye na Jami'ar Hartum ma, inda masana suka daɗe suna tara samfuri, yaƙin ya lalatar da shi. Abin da ya tsira daga aikin dattijon shi ne daftari huɗu da uwargida ta cusa cikin buhun tufafi.

Bayan sojoji sun karɓe Suk Libya a watan Maris na 2025, jikan ya koma duba gida. Da damina ta sauka ya fita bakin gari da asuba, bai yi nisa ba saboda tsoron abin da yaƙi ya bari a ƙasa. Ya kwanta rub da ciki kamar yadda aka koya masa, ya naɗi murya da wayarsa, ya aika Gadarif. Idon dattijon ya riga ya yi rauni, amma kunnensa yana nan. Ya saurara sau biyu, ya ce, "Mai tuƙƙu ne, namiji, ga mai baƙar riga a bayansa. Abokina, rubuta rana da wuri."

Mai karatu, akwai irin wannan fili a bayan garinku, ko Maraɗi ce ko Sakkwato ko Daura, kuma akwai masu shi. Ba sai kana da dogon gilashi ba. Fita da sassafe bayan ruwan fari, ka zauna ƙasa, ka yi shiru, ka sami ɗan littafi ka rubuta abin da ka gani da ranar da ka gan shi. Ka tambayi tsofaffi da makiyaya sunan da suke kiran kowane tsuntsu, ka rubuta wannan ma, gama sunayen suna tafiya tare da masu saninsu. In wata rana aka zo auna filin domin a raba shi, aka ce ai wofi ne, a sami ko mutum ɗaya da zai iya buɗe littafi ya faɗi waɗanda suke zaune a ciki.