Daga Rigasa Zuwa Ɗakin Ɗaga Ƙarfe

A tashar jirgin ƙasa ta Rigasa na fara sanin ƙarfina ya ragu. Jaka ɗaya ce, ba ta wuce kilo 10 ba, amma sau biyu ina ɗaga ta zan ɗora a ma'ajiyar kaya ta saman kujera, hannu na rawa, ƙugu na sara. Sai wata dattijuwa da ta yi sa'ar mahaifiyata ta karɓa, ta ɗora ta ba ko nishi. Ta dube ni ta ce, "'Yata, ku masu zaman ofis ba ku san taɓarya ba." Maganar nan ta yi ta cina har muka wuce Rijana da Jere, muka sauka Kubwa bayan awa biyu da ɗoriya.

Yaya ce ta tarye ni. Ta daɗe tana min zancen gidan motsa jikin da take zuwa a Gwarinpa, ni kuwa ina cewa ɗaga ƙarfe aikin majiya ƙarfi ne da 'yan dambe. A daren nan na ba ta labarin jaka. Washegari bayan sallar asuba ta miƙo min wando mai faɗi da riga mai dogon hannu da ƙaramin hijabi, ta ce in shirya.

Da muka isa gidan motsa jikin, lokacin na mata zalla ne, an ja labule a tagogi. Mu takwas ne, har da mai shayarwa da wata da ta aurar da 'ya'ya. Mai horarwar, wata matashiya mai fara'a, ta ce, "Anti, yau ba da ƙarfe za mu fara ba." Ta ajiye benci a bayana, ta sa ni in zauna in tashi ba tare da dafa gwiwa ba. Sau goma na yi, cinyoyina suka ɗauki zafi. Sannan ta ba ni ƙaramin ƙarfe mai kilo 4 na rungume a ƙirji, na maimaita.

Abin da ba zan manta ba shi ne sandar ɗaga ƙarfe. Ta mata kilo 15 ce, ta maza 20, tun ba a zura mata faifai ko ɗaya ba. Na sunkuya zan ɗauka, ta tsayar da ni: "Kar ki duƙa irin na shara. Tura ƙugu baya, baya a miƙe, sandar na gogar ƙwauri. Ja numfashi ki riƙe, sai ki taka ƙasa da ƙarfi ki miƙe." Ƙarfen da sanyi, ga zanen da ke kartar tafin hannu. Na ɗaga sau takwas, na huta, na sake har zagaye uku. Shekara nawa ina ɗaukar bokitin ruwa da gadon baya, sai ranar na san da ƙafa ake ɗaukar nauyi.

Na tambaye ta abin da ke ran kowace mace: ba zan murɗe kamar namiji ba? Ta ce sinadarin da ke hura wa maza ƙwanji kaɗan ne a jikin mace, abin da za ki samu ƙarfin tsoka ne da ƙwarin ƙashi, wanda ke raguwa bayan mace ta daina al'ada. Gaskiya ta faɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce baligi ya riƙa atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako, kuma ba ta ware mata ba. Ga Mariam Usman da ta samo wa Najeriya tagulla a ɗaga ƙarfe a Olamfik ta 2008, amma a unguwarmu har yau ana ganin abin kamar zubar da mutunci ne. Iyayenmu da suka yi surfe da daka da jan guga fa, mutuncinsu ya zube?

Kwana biyu jikina ya yi tsami, har ruku'u sai a hankali. Yaya ta gasa min cinya da ruwan ɗumi, muka koma a rana ta uku, tsamin ya saki.

Na dawo Kaduna da takarda mai ɗauke da atisaye huɗu, da ƙarafa biyu masu kilo 3 a ƙasan jaka. Masu gidajen motsa jiki na Kaduna da Zariya da Kano, don Allah ku ware mana awa biyu da safe, ku ɗauki mace mai horarwa, ku sa labule. Za mu zo.